Klémat da Kujerar Magajin Garin N'Djamena

Klémat unguwa ce a gunduma ta biyu ta birnin N'Djamena, maƙwabciyar Mardjandaffack da Bololo da Djambal Ngato, tana cikin tsofaffin unguwannin da suka taso a gefen garin Turawa tun birnin yana amsa sunan Fort-Lamy. Layukanta a miƙe suke, an yanka filayen murabba'i-murabba'i, kowane yanki da mai kula da shi. Gidajen ƙasa na dā suna ta ba da wuri ga na siminti, ga shaguna a bakin hanya, ga masallatai, ga makarantun allo a zaure da gindin katanga. Larabcin Chadi shi ne harshen titi da ciniki a wannan ɓangare na birni, amma mai kasa kunne zai ji Hausa da Barbarci da Goranci. Fadar shugaban ƙasa da ma'aikatun gwamnati ba su da nisa daga nan, ɗan acaba zai kai mutum cikin 'yan mintoci. Duk da wannan kusanci, tarihin birnin ya nuna cewa mazaunin irin wannan unguwa ya fi shekara hamsin ba shi da bakin magana a kan wanda zai yashe masa kwata, ko ya ba ɗansa takardar haihuwa, ko ya yanke hukuncin rushe masa gida. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne cewa N'Djamena ba ta taɓa rasa mutanen da suka san unguwanninta ba, kuma malaman makaranta suna sahun gaba a cikinsu. Kujerar magajin gari ce ba a bari ta zauna a hannun unguwa ba, kuma abin takaici, malamin makaranta ne ya fara fizge ta.

Asalin garin sansanin soja ne. Ranar 22 ga Afrilu 1900 rundunonin Faransa uku da suka haɗu daga Aljeriya da Nijar da Kongo suka gwabza da Rabe, mai mulkin Borno na lokacin, a Kusuri, Rabe ya mutu a wurin, kwamandan Faransawa Amédée Lamy shi ma ya mutu. Ranar 29 ga Mayu na wannan shekara Émile Gentil ya kafa sansani a ɗaya gaɓar, inda kogin Logone yake zuba cikin Shari, ya sa masa sunan Lamy. Mutane suka biyo soja: 'yan koli, mahauta, masu jigila, da alhazan ƙafa daga Kano da Borno waɗanda hanyarsu ta Makka take ratsawa ta nan zuwa Ati da Abeshe da El Fasher. Da yawa guzuri ya ƙare musu suka zauna neman na gaba, zaman ya zama na dindindin, haka Hausawa suka shiga cikin waɗanda suka gina tsofaffin unguwannin. A ƙarshen shekarun 1930 mutanen garin ba su wuce dubu goma ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗaga shi, domin a nan Gwamna Félix Éboué ya bayyana goyon bayansa ga Janar de Gaulle ranar 26 ga Agusta 1940, daga nan kuma kwamandansa Leclerc ya tashi da rundunarsa zuwa Kufra ta Libiya a 1941. Zuwa 1960 garin ya kai wajen mutum dubu sittin. A mafi yawan waɗannan shekaru wani jami'in mulkin mallaka ne yake riƙe da garin, shi ne joji, shi ne magajin gari, kuma gwamna yake yi wa bayani. Mutanen unguwa sai dai su aika da koke ta bakin mai unguwa su jira.

Canji ya zo da dokar Faransa ta 18 ga Nuwamba 1955, wadda ta bai wa manyan garuruwan da take mulka a Afirka damar zaɓen majalisar gari, kansilolin kuma su zaɓi magajin gari daga cikinsu. An yi zaɓen a Nuwamba 1956, kuma sunayen waɗanda suka hau kujerun sun isa su nuna nauyin abin: Houphouët-Boigny a Abidjan, Sékou Touré a Konakiri, Barthélemy Boganda a Bangi, Léon Mba a Libreville, Modibo Keita a Bamako, Djibo Bakary a Yamai, Gabriel Lisette a Fort-Lamy. Biyu daga cikinsu, Modibo da Djibo, malaman makaranta ne da suka fito daga kwalejin William Ponty ta Senegal. Ba a banza hakan ya faru ba. A lokacin, malamin makaranta yana cikin 'yan tsirarun da suka iya harshen Bature kuma suke kwana suna tashi cikin talakawa. Akawun ofis yana ƙarƙashin idon joji, sarki yana ƙarƙashin rawaninsa, malami kuwa ana tura shi ƙauye mai nisa inda yake zama mai rubuta wa mutane wasiƙa, mai karanta musu takardar haraji, mai shiga tsakani idan an yi rigima. A Arewacin Najeriya ma haka abin yake, Abubakar Tafawa Balewa da Ahmadu Bello da Aminu Kano da Shehu Shagari duk sun riƙe alli kafin su riƙe siyasa.

Rayuwar Djibo Bakary ita ce misali mafi kusa da mu na malamin da ya zama kansila ya zama magajin gari, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. An haife shi a 1922 a Soudouré, ƙauye a gefen Yamai. Bayan Ponty ya koyar a Birnin Konni da Agadas, inda ya ga aikin tilas da zaluncin karɓar haraji da idonsa. Ya shiga jam'iyyar PPN, reshen Nijar na RDA, ƙungiyar siyasar ƙasashen Afirka rainon Faransa, ya zama sakatarenta, sannan ya ɓaɓe da ita lokacin da shugabannin RDA suka zaɓi sasantawa da Faransa a farkon shekarun 1950. Ya bar aji ya koma haɗa kan ƙananan ma'aikata, direbobi da leburori da masu lambu da boyi-boyin gidajen Turawa, ya kafa jam'iyyar UDN a 1954, wadda daga baya aka fi sani da Sawaba. Waɗannan mutanen ne suka kai shi majalisar garin Yamai a 1956, da goyon bayan kansilolin jam'iyyar BNA ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. Amma dubi saurin abin da ya biyo baya. A Mayu 1957 ya zama jagoran gwamnatin Nijar ta farko. Gabanin ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 ya nemi jama'a su ce a'a ga tayin de Gaulle na ci gaba da zama tare da Faransa, aka turo Gwamna Colombani ya murƙushe yunƙurin, a watan Oktoba gwamnatinsa ta faɗi, a 1959 aka haramta Sawaba. Ya yi shekara goma sha biyar yana gudun hijira tsakanin Mali da Gana da Gini, ya dawo bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 1974, aka ɗaure shi a shekara mai zuwa. Ya rasu a Yamai a Afrilu 1998. Mutum ne jarumi, kuma ina ganin tarihi ya ba shi gaskiya a kan abubuwa da yawa. Sai dai garin Yamai bai mori malaminsa ba, domin kujerar magajin gari ta zame masa matakala zuwa sama, da sama ta rufto kuma ta rufto har da kujerar.

A Fort-Lamy labarin ya fi haka ɗaci. Lisette ba malami ba ne, jami'in mulkin mallaka ne, an haife shi a Panama a 1919, iyayensa 'yan Guadeloupe, ya juya ya kafa jam'iyyar PPT a 1947 don yaƙar tsarin da ya kawo shi. Malamin da ke cikin jam'iyyar shi ne François Tombalbaye, haifaffen Bessada a kudu a 1918, wanda ya gina ƙarfinsa a yankin Fort-Archambault, wato Sarh ta yau, ya shiga majalisar ƙasa a 1952. Bayan gwamnatin Lisette ta faɗi a Fabrairu 1959, kuma gwamnatocin Sahoulba da Ahmed Koulamallah suka kasa kai labari, Tombalbaye ya zama firayim minista a Maris. A Agusta 1960, watan da Chadi ta sami 'yancin kai, Lisette yana ƙasar waje aka sanar da shi cewa ba shi da izinin dawowa. Mutumin da kansilolin babban birni suka zaɓa ya rasa kujerarsa ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya daga Klémat ko Bololo ba. A Janairu 1962 aka haramta duk jam'iyyu sai PPT. Ranar 16 ga Satumba 1963 aka je kama wasu 'yan siyasa, Koulamallah da Djibrine Kherallah da Jean Baptiste, wanda shi ma ya taɓa riƙe kujerar magajin garin, jama'ar unguwannin Musulmi suka fito, aka buɗe musu wuta, mutane suka mutu. Daga nan kujerar ta zama kyautar fada, wanda aka ga dama a ɗora, ranar da aka gaji da shi a sauke. Ko sauya sunan birnin zuwa N'Djamena a 1973 daga sama aka yi shi, ba majalisar gari ce ta zauna a kai ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan tarihin ya rushe hujjata da kansa. Idan malami ne ya karya kujerar, kuma Modibo Keita da Hamani Diori na Nijar, wanda shi ma malami ne, duk sun ƙare a mulkin jam'iyya ɗaya, ina dalilin ɗora fata a kan malamai? Wannan suka tana da ƙarfi, kuma ban ce alli yana tsarkake zuciya ba. Wanda ya saba magana yara suna shiru yana iya ɗaukar ƙasa baki ɗaya a matsayin aji, ya ga mai musu da shi a matsayin ɗalibi marar kunya. Amma a lura da inda ɓarnar ta auku. Babu ɗaya daga cikinsu da ya zama azzalumi yana magajin gari, inda kansiloli suke iya ƙin amincewa da kasafinsa, inda matar da ruwa ya ci ɗakinta take iya tare shi a ƙofar ofis. Sun lalace ne a kujerar da ba mai iya tambayarsu. Darajar malami a siyasar gari tana cikin abin da ya sani da kuma kusancinsa da waɗanda za su iya kunyata shi, kuma duka biyun suna raguwa da kowane mataki da ya hau sama. Abin da tarihin 1956 ya koyar shi ne cewa an ba garuruwa kujera mai kyau a daidai lokacin da kowa idonsa yake kan wata da ta fi ta.

Suka ta biyu ta fi nauyi a Chadi fiye da ko'ina: birnin da ya sha yaƙi irin wanda N'Djamena ta sha, ana cewa, ba ya bukatar gardamar kansiloli, hannu mai ƙarfi yake bukata. Yaƙin kuwa gaskiya ne. An kashe Tombalbaye a juyin mulkin 13 ga Afrilu 1975. Ranar 12 ga Fabrairu 1979 rikicin da ya tashi a makarantar sakandare ta Félix Éboué ya zama yaƙi tsakanin sojojin Shugaba Malloum da na Firayim Minista Hissène Habré, birnin ya rabu, Musulmi a unguwannin arewa, 'yan kudu a Moursal da Chagoua, da yawansu ma suka bar garin. Daga Maris zuwa Disamba 1980 aka sake gwabzawa tsakanin Habré da Shugaba Goukouni Oueddei har mutane dubbai suka tsallaka kogi zuwa Kusuri. 'Yan tawaye sun shigo a Afrilu 2006, sun sake shigowa a Fabrairu 2008. To amma me hannu mai ƙarfi ya yi wa unguwa? Makonni kaɗan bayan harin 2008, cikin dokar ta-ɓaci, aka shiga Gardolé, tsohuwar unguwa a gunduma ta uku, da katafila. Ƙungiyar Amnesty ta yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam ta ƙidaya gine-gine fiye da 3,700 da aka rushe a birnin cikin kimanin shekara ɗaya, da yawa ba sanarwa isasshiya, ba diyya. Magajin garin lokacin naɗaɗɗe ne, ba ya tsoron ƙuri'ar kowa. Ba na musun cewa naɗaɗɗe yana iya yin abin kirki. Marie-Thérèse Mbaïlemdana, mace ta farko da ta riƙe birnin, ta tilasta dokar hana leda a 2010 har aka ga bambanci a tituna. Sai dai aikin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya yana yin sanyi da zarar an sauya shi, kuma a N'Djamena ana sauya magajin gari kafin ya gama sanin hanyar ofis.

Sai ranar 22 ga Janairu 2012 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi da jam'iyyu da yawa suka fafata a cikinsa, birnin yana da gundumomi goma, kowace da majalisarta da magajinta, ga kuma babban magajin gari a sama. A nan suka ta uku take shigowa, wai ga zaɓen an yi, ambaliyar 2022 ta ci Walia da Toukra, ta 2024 ta biyo baya, me kansiloli suka tsinana? Wanda ya san yanayin garin ba zai yi gaggawar ɗora musu laifi ba. N'Djamena a shimfiɗe take, ƙasarta yumɓu ce da ba ta shan ruwa. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, cikin sa'a guda layi ya zama tafki, mata suna kwarfar ruwa daga tsakar gida da kwanon sha, samari suna jera buhunan yashi a bakin ƙofa, kwatar da ya kamata ta kwashe ruwan cike take da yashi da shara tun bara, katangar ƙasa tana jiƙa daga ƙasa har ta zauna da daddare. Gina madatsa a gaɓar Shari da Logone aikin gwamnatin ƙasa ne, ya fi ƙarfin kowace gunduma. Amma yashe kwata kafin damina, da hana gini a kan hanyar ruwa, da kwashe shara, aikin gunduma ne, kuma ba ya yiwuwa sai da kuɗi. Birnin da ƙidayar 1993 ta ba shi mutum kusan 530,000, ta 2009 ta ba shi kusan miliyan ɗaya, an raba shi gida goma an ba kowane gida hatimi da tuta, amma lalitar tana sama. Kansilan da ba shi da kasafi ba a gwada shi ba tukuna, balle a ce ya faɗi.

A nan ne nake ganin malamin makaranta yana da abin da ba kowa ke da shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma rajistar aji ta fi kowane rahoton ofis sanin unguwa. Idan aka koma makaranta a watan Oktoba, malamin firamare yana zaune da babban littafi a gabansa, yara sun cika ɗaki, a makarantun gwamnati na birnin aji mai yara ɗari ba abin mamaki ba ne. Yana kiran suna yana gane wanda ba shi da takardar haihuwa, don haka ba zai iya zana jarrabawa ba. Yana gane yarinyar da aka cire aka ɗora wa talla, da layin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da rabin yaransa, da gidan da ya rushe har iyalin suka koma wajen dangi a wata gunduma. A shekarar ambaliya ajinsa ne ake mayarwa masaukin waɗanda ruwa ya kora. Ya kuma san tara kuɗi da ba da lissafi a gaban jama'a, domin a Chadi, tun lokacin da yaƙi ya durƙusar da gwamnati, ƙungiyoyin iyayen yara ne suke ɗaukar malamai da yawa suna biyansu daga aljihunsu. Wannan kansa ƙaramar hukuma ce da talakawa suka gina ba tare da doka ta umarce su ba. Yajin aikin da ya biyo bayan matakan tsuke bakin aljihu na 2016, da na 2018, ya nuna cewa malamai sun iya haɗa kai su tsaya a kan magana, ko da yake yara ne suka biya farashin watannin da aka rufe makarantu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wanda zai ce malamin boko baƙo ne a unguwa irin Klémat, inda iyaye da kakanni suka daɗe suna ɗari-ɗari da makarantar Nasara, kuma wannan ɗari-ɗarin yana cikin dalilan da suka sa 'yan kudu suka mamaye aikin gwamnati lokacin samun 'yanci. Gaskiya ne a jiya. Yau Larabci da Faransanci duka harsunan hukuma ne, makarantun da ke koyarwa da harsunan biyu sun yawaita, kuma malamin allo, wanda mutanen gari suke kira faki, ya san gidajen unguwa ciki da waje ba ƙasa da na boko ba. Idan na ce malami, har da shi nake nufi. Abin da ya hana irin waɗannan mutane fitowa shi ne cewa takara tana bin jerin sunayen da uwar jam'iyya ta tsara, kuma wa'adin kansa ba shi da tabbas. Kansilolin da aka zaɓa a 2012 an zaɓe su ne na shekara shida. Wa'adin ya cika a 2018, aka yi ta ɗage zaɓe, ana sauya magadan gari a tsakani, Shugaba Idriss Déby ya rasu a Afrilu 2021, aka shiga riƙon ƙwarya. Mutanen gunduma ta biyu ba su sake jefa ƙuri'ar kansila ba sai ranar 29 ga Disamba 2024, kusan shekara goma sha uku bayan ta farko, a zaɓen da manyan jam'iyyun adawa suka ƙaurace wa.